Me ya sa labarin 'yan sanda kullum daga bakin 'yan sanda muke jin sa?

Abu_Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai abinda ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya ina so mu tattauna. Ku lura da duk labarin da ya shafi 'yan sanda a rediyo ko jaridun nan namu na intanet, kusan kullum da "rundunar 'yan sanda ta ce" ake farawa, da "kakakin rundunar ya ƙara da cewa" ake rufewa. An kashe mutum uku a musayar wuta, an cafke masu ƙwacen waya, an daƙile hari, shikenan. Ba a je unguwar ba, ba a nemi uwar wanda aka kashe ba, ba a koma daga baya an duba ko waɗanda aka kama ɗin kotu ta same su da laifi ba. Ni a wajena wannan sanarwa ce kawai aka karanto mana da muryar ɗan jarida. Ko kuwa ni ne ban fahimci aikin ba? Masu sani a yi mana bayani don Allah.

Bakatsine_01: Wa alaikumus salam. Ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi wallahi.

Maman_Ilham: Malam Abu Sadiq ka yi haƙuri amma ni akasin haka nake gani. Maigidana ɗan sanda ne, kuma duk wanda yake zaune da ɗan sanda a gida ya san yanda 'yan jarida suke musu. Kurtu ɗaya ya karɓi ɗari biyu a titi wani ya ɗauka a waya, kafin la'asar ya zaga duniya har da zagin iyaye. Amma 'yan bindiga su yi musu kwanton ɓauna a daji su kashe su, layi biyu za ka gani, "an kashe jami'ai", ko sunansu ba a faɗa balle a je a ga marayun da suka bari ko a tambaya an biya matan haƙƙinsu ko ba a biya ba. Lokacin zanga-zangar EndSARS a 2020, ta neman a rusa sashen 'yan sanda na SARS, sufeto janar na lokacin Mohammed Adamu ya ce an kashe 'yan sanda 22 an lalata ofisoshi da wuraren 'yan sanda 205, wa yake tuna wannan yau? To ina son kan da kake cewa ana nuna musu?

Abu_Sadiq: Hajiya Allah ya tsare mana maigida ya dawo miki da shi lafiya kullum. Amma ki duba, ko wannan layi biyun da kika ce, daga sanarwar hedikwata ake kwafo shi. Da ɗan jarida yana fita neman labari da kansa da ya je gidan mamacin. Kenan ke ma abinda yake cutar da ku shi nake kuka da shi.

Tsohon_Mai_Rahoto: Bari in sa baki tunda na yi aikin nan a gidan rediyo kafin in koma kasuwa. Abu Sadiq bai yi ƙarya ba, amma ku san yanda abin yake tafiya a ciki. Kusan kowace runduna ta jiha kakakinta yana da guruf na WhatsApp da 'yan jarida, da safe ya turo sanarwa da hotuna har da murya da Hausa da Turanci a shirye, kai kuma editanka yana jiranka kafin labaran rana, ba a ba ka kuɗin mai ba, albashin ma wani gidan sai a yi watanni ba a gani ba. To ka ce wanne za ka ɗauka, labarin da ya zo maka har cikin waya kyauta, ko ka hau babur zuwa bayan gari neman wanda zai yarda ya yi magana alhali kowa tsoro yake ji? Sannan in ka yi rahoton da bai musu daɗi ba, ba sai an kama ka ba, kawai a daina ɗaga wayarka, abokan aikinka su riƙa samun labari kai kana zaune.

Abinda ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar holin masu laifi. A zaunar da samari a ƙasa a harabar hedikwata wasu ba riga, a jera adduna da wuƙaƙe da wayoyi a kan tebur, mu kuma mu yi caa da makirfo a bakin yaro muna "me ya sa ka aikata?", wanda ya kamo shi yana tsaye a bayansa da bindiga. Me kake so ya ce? Wani za ka ga fuskarsa a kumbure ko yana ɗingishi, babu mai tambayar me ya same shi. In an gama a miƙo ɗan kuɗin mota kowa ya kama gabansa. Ban taɓa ganin an tura ɗayanmu kotu ya bi shari'ar yaran nan ba sai in babban kes ne da gari ya ɗauka.

Ummu_Khairat: Innalillahi. Wannan holin shi ya taɓa gidanmu. Ɗan yayata aka kwashe a samame da daddare yana dawowa daga shagon ɗinki, aka haɗa shi da 'yan daba aka nuna fuskarsa, wani gidan rediyo har sunan unguwarmu ya faɗa. Daga baya aka sake shi ba a ma kai shi kotu ba don babu komai a kansa. Mahaifinsa ya taka har gidan rediyon ya ce ku faɗa wa duniya an sake shi kamar yanda kuka faɗa an kama shi, suka ce sai dai in 'yan sanda sun fitar da wata sanarwar. Har yau hoton yana Facebook. Masu kawo masa ɗinki suka janye, maganar aurensa ma ta lalace don dangin yarinyar sun ce ba za su ba ɗan daba ba.

Bakatsine_01: Allah ya saka masa. Wannan zalunci biyu ne a lokaci ɗaya.

Barista_Zazzau: Yaya Ummu Khairat abinda aka yi wa yaron nan doka ba ta yarda da shi ba. Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma mara laifi ne har sai kotu ta tabbatar da laifinsa, kuma sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa, in babu kwana biyu. Akwai kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 da ta haramta tilasta wa mutum amsa laifi. Jihar Legas ma a 2021 ta gyara dokarta ta shari'ar laifuka ta hana 'yan sanda nuna waɗanda ake zargi a gaban 'yan jarida. To amma ni a nan 'yan jarida nake ɗora wa nauyi sosai, domin ɗan sanda shi mai ƙara ne a shari'a, ɓangare ɗaya ne, ba alƙali ba. In ka ɗauki maganar mai ƙara ka sa a kanun labari cewa "an kama ɓarayi", ka yanke hukunci kenan. Sai ka ga a cikin labarin an saka "da ake zargi" sau ɗaya don kare kai, amma kanu da hoto sun riga sun gama da mutum.

Sarkin_Yakin_Fagge: Barista da girmanka, ku lauyoyi kullum haka kuke. Ka taɓa ganin wanda masu ƙwacen waya suka caka wa wuƙa? Mu a Kano mun gani. In ba a nuna su ba ta ina jama'a za su san ana aiki, ta ina na baya za su ji tsoro? Ni dai ina jin daɗi in na ga an baje su.

Barista_Zazzau: Ɗan uwa na gani, kuma ina so a hukunta su fiye da yanda kake so. A nuna su ranar da alƙali ya yanke musu hukunci, da shekarun da aka ba su, wannan shi zai tsorata na baya. Karanta abinda Ummu Khairat ta rubuta a sama ka ce mini wa aka tsorata da hoton ɗan yayarta.

Ɗan_Yerwa: Mu mutanen Maiduguri wannan maganar ba sabuwa ba ce a wajenmu. Ƙarshen watan Yulin 2009 sojoji suka kama Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, da ransa suka miƙa wa 'yan sanda, sai aka ce ya mutu yana ƙoƙarin tserewa, kuma haka kafafe da yawa suka fara ɗauka. Daga baya hotuna da bidiyo suka fito ana masa tambayoyi a tsare. A farkon 2010 kuma Aljazeera ta nuna bidiyon da ake kwantar da mutane a ƙasa a Maiduguri ana harbe su, har da masu sanduna na guragu. Kar wani ya fahimce ni ba daidai ba, ba na kare mutumin ko aƙidarsa, mu muka fi kowa shan wahalar abinda ya shuka, gidanmu ma mun rasa mutane. Amma abin tambaya, me ya sa sai tashar waje ce ta nuna, alhali a garin kowa ya san an yi? Kuma da an kai shi kotu an yi shari'a a fili ai da mun ji su waye suke bayansa.

Malam_Na_Gwale: Haka aka yi da 'yan Apo shida a Abuja a watan Yunin 2005. Matasa 'yan kasuwa 'yan ƙabilar Ibo biyar da mace ɗaya, 'yan sanda suka kashe su suka ce 'yan fashi ne. Da 'yan uwansu 'yan kasuwa ba su tayar da ƙura ba har gwamnatin Obasanjo ta kafa kwamitin bincike, da har gobe sunansu 'yan fashi. Sai 2017 kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa ta sallami sauran. Shekara goma sha biyu. To ka yi tunanin nawa ne irinsu a ƙauyukanmu da ba su da ƙungiyar kasuwa a bayansu.

Bakatsine_01: Yauwa, nan nake son zuwa. Ni son kan da na fi gani na ɓangaranci ne. Manyan jaridu da talabijin ɗin ƙasar nan yawanci a Legas suke, da aka harbi masu zanga-zangar EndSARS a Lekki duniya ta tsaya, CNN ma sai da ta yi bincike na musamman. Amma a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024 da aka harbe yaranmu a Kano da Jigawa da Neja da sauran wurare, me aka fi nunawa? Masu wawason kaya da masu ɗaga tutar Rasha. Ƙungiyar Amnesty ta ce aƙalla mutum 24 'yan sanda suka kashe, duk a jihohin Arewa, rundunar ta musanta, daga nan maganar ta bi ruwa. Jinin ɗan Arewa ba shi da tsada a kanun labarai.

Hauwa_Jos: Bakatsine akwai gyara kaɗan. Na farko a Lekki ranar 20 ga Oktoban 2020 sojoji ne suka fara buɗe wuta, duk da kwamitin Mai shari'a Doris Okuwobi ya ce 'yan sanda ma sun yi harbi bayan tafiyar sojojin. Na biyu kar mu ɗauka kafafen Kudu sun sha da daɗi, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Channels da AIT da Arise naira miliyan 3 kowanne kan yanda suka ɗauko rahoton EndSARS, kuma ministan yaɗa labarai na lokacin Lai Mohammed ya fito ya ƙaryata CNN ya ce babu gawarwaki. Na uku kuma wanda ya fi mini ciwo, mu da kanmu a Arewa lokacin da yawa muka ce EndSARS ba tamu ba ce, gwamnoninmu ma suka ce SARS tana da amfani a wajenmu. Su sun tsaya wa nasu, suka tara sunaye da hotuna da lauyoyi suka je gaban kwamiti. Mu namu na Agusta, gidajen rediyon Hausa nawa ne a Kano kaɗai? Wa ya hana su bi gida gida su tattara sunayen waɗanda aka kashe?

Bakatsine_01: Na karɓi maganar sojoji. Amma batun ba mu tsaya wa namu ba, talakan da ko kuɗin likkafani sai an haɗa masa ina ya ga lauya? Kuma mu da an kashe mutum kafin azahar an binne shi, babu binciken gawa babu takardar asibiti, sai a ce kawo hujja.

Hauwa_Jos: Wannan gaskiya ne, shi ya sa ma aikin ya koma kan ɗan jarida, shi ne zai iya zuwa ranar da abin ya faru ya ɗauki shaidar maƙwabta kafin a manta.

Tsohon_Mai_Rahoto: Hauwa ki tambayi su waye masu gidajen rediyon da kuma wa yake ba su talla. Sannan akwai tsoro na gaske, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha kama 'yan jarida da shi. A watan Mayun 2024 'yan sanda suka ɗauke Daniel Ojukwu, ɗan jaridar kafar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ, a Legas, aka yi kwanaki ba a san inda yake ba kafin a gano an kai shi Abuja, wannan wanda yake da ƙungiyoyi masu ihu a kansa kenan. Yaron da yake aiki a ƙaramin gidan rediyo a Gusau ko Dutse wa zai yi ihu a kansa?

ASP_Mai_Ritaya: Na karanta duka tun daga sama, kuma ni na yi aikin ɗan sanda har na ajiye kaki. Ba zan ce muku ba a zalunci ba, ana yi, na gani da idona. Amma ku fahimci abu ɗaya game da sanarwar da Abu Sadiq yake magana a kai. Shi kakakin ba ya wajen da abin ya faru. DPO ne yake aiko da sigina zuwa hedikwata, shi ma DPO abinda yaran da suka fita sintiri suka faɗa masa ya rubuta, to in wanda ya yi harbin shi ne ya ba da labarin farko me kuke tsammani? Kafin gaskiya ta fito sanarwa ta riga ta tafi, kuma hukuma ba ta son janye maganarta. Shi ya sa ni ma ina goyon bayan ɗan jarida ya bincika, yana taimakon kwamishina ne ma in ya gane.

Amma ɗaya ɓangaren, waɗannan masu shafukan Facebook da suke kiran kansu 'yan jarida, su ɗauko bidiyon daƙiƙa talatin daga tsakiyar rigima, ba a nuna lokacin da aka fasa wa jami'i kai da dutse ba sai lokacin da ya rama, wani bidiyon ma na shekarun baya ne ko na wata ƙasa a ce yau ne a Kaduna. Wannan ma rashin adalci ne kuma yana jawo a far wa wanda bai ji ba bai gani ba don kawai yana sanye da kaki.

Maman_Ilham: Allah ya saka da alheri Baba. Abinda nake ta faɗa kenan.

Abu_Sadiq: Ranka ya daɗe wannan bayanin siginar ya ƙara mini haske, ban san haka abin yake ba. Amma game da bidiyo, duk da illarsa, in ba don shi ba abubuwa nawa ne da ba za mu taɓa sani ba? Yaran da aka gurfanar a babbar kotun tarayya a Abuja ranar 1 ga Nuwamban 2024 bayan sun yi kusan wata uku a tsare kan zanga-zangar Agusta, sai da aka ga bidiyonsu suna faɗuwa a kotu ƙashin haƙarƙari a waje sannan ƙasa ta girgiza, hedikwatar 'yan sanda ma ta fara cewa shiri ne, cikin 'yan kwanaki shugaba Tinubu ya ce a sake su. Wata ukun da suka yi a tsare ina 'yan jaridarmu suke?

Bahaushe_A_Amurka: Gani ya kori ji. Nan ma haka ne fa kar ku ɗauka Najeriya ce kaɗai. Ranar 25 ga Mayun 2020 da aka kashe George Floyd a Minneapolis, sanarwar farko da 'yan sanda suka fitar cewa ta yi mutum ya rasu bayan matsalar rashin lafiya yayin da jami'ai suke mu'amala da shi, babu maganar gwiwa a wuya ko kaɗan. Wata yarinya 'yar shekara 17 ce ta ɗauka a waya, shi ne har aka ɗaure Derek Chauvin shekara 22 da rabi. Kuma nan ma kafafen a rabe suke, wata tashar in ka kalla ka ce duk ɗan sanda makashi ne, wata kuma ka ce duk mai zanga-zanga ɗan ƙone-ƙone ne, kowa da masu kallonsa. Bambancin kawai nan akwai kyamara a ƙirjin jami'ai a wurare da yawa kuma ɗan jarida yana iya neman a ba shi faifan ta hanyar doka.

Barista_Zazzau: Mu ma muna da dokar 'yancin samun bayanai tun 2011, amfani da ita ne ba a cika yi ba, in an rubuta ma sau da yawa ba a amsawa sai an je kotu.

Na_Maraɗi: Ina biye da ku daga Nijar. Mu nan tun bayan juyin mulkin 2023 an dakatar da RFI da France 24, BBC ma an dakatar da ita wata uku a ƙarshen 2024, don haka maganar jami'an tsaro kowa yana taka-tsantsan. Ku dai ku riƙe damar da kuke da ita ta yin irin wannan muhawarar.

Sarkin_Yakin_Fagge: Ni fa har yanzu ban gamsu ba. Duk kun koma kan 'yan sanda, su kuma waɗanda 'yan daba suka kashe wa ya je gidajensu? Su ma ai ba a jin muryar iyayensu.

Ummu_Khairat: Ai ba mu ce kar a je ba ɗan uwa. A je gidan wanda aka kashe, a je gidan ɗan sandan da ya rasu, a zo gidanmu mu ma. Mu dai ba wanda ya zo.

Tsohon_Mai_Rahoto: In da za a samu edita ɗaya da zai ce duk wanda muka faɗi sunansa ranar kamu dole mu faɗi yanda shari'arsa ta ƙare, da rabin matsalar ta ragu, kuma wannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, rajistaran kotu kawai za ka riƙa leƙawa. Amma masu sauraro ma da nasu, labarin "an cafke" shi yake kawo dubban sharhi, labarin "kotu ta sallama" ko mutum hamsin ba sa dannawa, masu gidan kuma lambobin suke kallo.

Maman_Ilham: To in za a bi shari'ar waɗanda aka kama, a bi mana har da maganar haƙƙin 'yan sandan da suka mutu a bakin aiki da kuɗin fanshon waɗanda suka yi ritaya, tsofaffi sun sha yin zanga-zanga a Abuja a kan a fitar da su daga tsarin fanshon nan na karo-karo. Baba ASP kai ka san wannan, ka faɗa musu nawa ake ba mutum bayan shekara 35 yana aiki.

ASP_Mai_Ritaya: 'Yata wannan maganar in na fara ta yau ba za mu tashi ba, a buɗe mata nata zauren daban zan zo in yi bayani dalla-dalla. Barista kafin nan ina da tambaya, shi yaron gidan su Ummu Khairat yanzu yana da hanyar da zai bi a tilasta a cire hoton nasa, ko lokaci ya ƙure masa?